Sunan da Ɗanliti Bai Taɓa Kamawa Ba

Duk wanda ya san Ɗanliti Soja a garin Silver Spring na Amurka ya san mutumin ba ya zama. In ka gan shi a walima, to a bakin ƙofa yake tsaye da makullin mota a hannu, yana cewa yanzu zai tafi, kuma ba tafiyar zai yi ba. Ranar Juma'a kafin liman ya shafa addu'a takalminsa ɗaya na ƙafa. Matarsa Sadiyya ta ce tun da ta shigo gidansa ba ta taɓa ganin ya shanye shayi a kan kujera ba, sai dai ta tsinci kofin a kan firij, ko a bakin taga, ko a cikin mota ya yi sanyi.

Daga Ringim ya zo, tun yana saurayi, a cikin ɗaliban da gwamnati ta turo su koyi sana'a. Shi gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki aka ba shi. Bai gama ba. Ya yi gadin wurin ajiye motoci, ya yi gidan burodi, ya yi dakon kaya a wani shagon 'yan Afirka da ke sayar da manja da busasshen kifi, ya ma taɓa buɗe nasa shagon ya rufe kafin maƙwabta su riƙe sunansa. Tasi ce kaɗai ta iya riƙe shi, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ita ce sana'ar da mutum zai wuni a zaune alhali tafiya yake yi. A cikinta ya yi furfura, a cikinta ya biya wa 'yarsa tilo Najiba karatu har ta zama mai haɗa magunguna a wani asibiti a Washington.

Soja ɗin nan da ke jikin fasfo ɗinsa, da jikin ƙofar gidansa, da jikin rigar aikin Najiba, ba sunan ubansa ba ne. Ranar da aka kai shi firamare hedimasta ya tambaye shi sunan mahaifinsa, sai ya sunkuyar da kai ya yi tsit. Aka sake tambaya, ya ƙara sunkuyawa. Wani a bayansa ya ce ai ɗan gidan Soja ne, hedimasta ya rubuta, shi ke nan. Ba taurin kai ba ne. Gidansu gidan kunya ne, irin na da, da jinin Fulani ta wajen uwa. Mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. 'Ya'ya kuwa ba a ma maganarsu. Akwai wani ɗan ajinsu mai irin sunan, shekara da shekaru suna benci ɗaya, Ɗanliti bai taɓa kiransa da komai ba sai mai sunan Baba. Shi kansa Ɗanliti laƙabi ne aka rufe shi da shi, saboda sunan kakansa ya ci.

Uban kuwa soja ne na gaskiya. Zamanin yaƙin Hitila aka tara samari a ƙofar hakimi, aka zaɓi masu ƙirji, aka sa su a jirgin ƙasa, daga nan aka sa su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Bama, su yaƙi Japanawan da ba su taɓa yi musu komai ba a madadin Sarkin Ingila da bai taɓa jin labarin Ringim ba. Ya dawo da igiyar kofur da kunne ɗaya da ba ya ji. Ya yi gadin buhunan gyaɗa a tashar jirgi har ƙarfinsa ya ƙare. Bai taɓa ba da labarin yaƙin ba. In ruwa ya yi kwana biyu yana zuba sai ya rasa sukuni, ya dinga zagaya tsakar gida, kuma mutane suna cewa daga nan Ɗanliti ya gado ƙafa. A gari Soja ake ce masa, a bayan idonsa kuma Ɗan Bama, da irin muryar da ke nufin akwai ɗan motsi a kai. Da ya rasu aka binne shi kamar kowane Musulmin garin, ba rubutu ba allo, sai tudun ƙasa da 'yan ƙayoyi. Damina ta yi aikinta.

Duk wannan bai taɓa hana Ɗanliti barci ba sai da ya haɗu da Matthew.

Matthew wani tsohon Bature ne, jikan mutanen Ireland, mai jan fuska da manyan hannuwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gyaran famfo. Ƙodarsa ta gaza, don haka Ɗanliti ke kai shi asibiti wankin ƙoda ya kuma dawo da shi gidansa a unguwar Takoma Park. Tsohon ya kasa furta Ɗanliti, sai ya yanke shi ya koma Dan. Ga surutu kamar rediyo, musamman a hanyar zuwa. A hanyar dawowa yakan yi laushi, ya jingina kai da gilashi. Wata rana da yamma, ganye ya fara ja yana zuba, suna dawowa sai ya ɗago ya ce, “Dan, shiga nan ta hannun dama. Ina so in gai da mutanena.”

Maƙabarta ce a bayan wani tsohon coci. Ɗanliti ya so ya jira a mota, amma tsohon ba ya iya takawa shi kaɗai, dole ya ba shi kafaɗa. Suka bi ta cikin ciyawa har gaban wani dutse mai ruwan toka, ya fi mutum tsayi, da gicciye mai zobe a kansa. An sassaƙa sunaye gaba da baya.

“Afirkarku suka je suka mutu,” in ji Matthew. “Can kudu, lokacin da Ingila ta yaƙi manoman Boer, fiye da shekara ɗari. Na wannan fuskar da kakin Ingila suka je, don yunwa ce a gida kuma soja na ba da abinci. Na bayan nan kuwa da kansu suka tafi suka shiga rundunar manoman, ba wanda ya kira su, don kawai su sami damar harbin Ingila da ta mallake ƙasarmu. Ga yayan kakana nan a gaba. Zagaya ka ga ƙanensa a baya.”

Ɗanliti ya zagaya. Ya dawo. Ya sake zagayawa, don shi dai ba ya iya tsayawa wuri ɗaya.

“Uwa ɗaya uba ɗaya?”

“Gado ɗaya suka kwana suna yara. Tsofaffinmu da suka zo ƙasar nan sun yi shekaru suna zage-zage a kan wa za a rubuta, wa za a bari. Daga ƙarshe matan suka gaji, suka ce dukansu nono suka sha, a rubuta kowa.”

Ɗanliti bai san lokacin da bakinsa ya suɓuce ba. Ya ce ai shi ma mahaifinsa ya sa wa Ingila kaki, har Bama ya je. Tsohon ya juyo gaba ɗaya ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce to ai kai namu ne. Ya ce duk shekara idan sanyi ya kusa, ragowarsu sukan taru a nan, a karanta sunayen dutsen ɗaya bayan ɗaya, kowane suna a buga ƙararrawa sau ɗaya. In an gama, duk mai soja a danginsa wanda ba ya jikin dutsen sai ya miƙe ya kira sunansa da ƙarfi, shi ma a buga masa. Ya ce bana ka zo ka kira naka. Ɗanliti ya ce in Allah ya yarda, irin in Allah ya yardan da Bahaushe ke yi idan ba shi da niyya.

Ba a yi nisa ba aka bugo waya daga gida wata safiya, yana tsaye a layin tasi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Metro, aka ce Yaya Rahmatu ta cika. Ita ce babbarsu, ita kaɗai ta rage masa. Ya yi salati, ya kashe mota, ya kunna, ya sake kashewa. 'Yan uwa Hausawa mazauna garin suka cika gidan kwana da kwanaki, Sadiyya ta yi ta dafa shinkafa, aka yi addu'o'i aka watse. Sai bayan an watse abin ya sauko masa. Yana tsaye a kicin ya fara lissafa waɗanda suka san sunan Baba. Abokan yaƙinsa sun tafi tuntuni. Liman ɗin da ya ɗaura masa aure ya tafi. 'Ya'yan Yaya Rahmatu Baba Soja suka tashi suna ji, haka ma Najiba. Sadiyya 'yar Zariya ce, a nan suka haɗu, bayan rasuwar tsohon. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga kowa ba sai kansa. Sunan yana wuri ɗaya tak a duniya, a cikin ƙirjin direban tasi mai hawan jini, wanda kuma bakinsa bai taɓa buɗewa da shi ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Daga ranar ƙafar tasa ta ƙara ƙaiƙayi. Sai ya sauke fasinja a unguwar ofisoshin jakadanci, maimakon ya jira wani, ya tsinci kansa ya hau titin Georgia ya nufi maƙabartar nan. Ba ya shiga. Sai ya rage gudu a bakin shinge, ya hango kan gicciyen, ya wuce, ya zagayo. Washington gari ne da ba a rasa gunkin soja a kan doki a kowane shataletale, shekara da shekaru yana kewaya su bai taɓa ɗaga kai ba, yanzu kuwa duk wanda ya wuce sai ya ji haushi ya taso masa. Kowa da dutsensa. Har dokin ma an san da shi.

Ya fara gwaji a mota idan ba kowa. Ya rufe gilashi, ya kashe rediyo, ya gyara murya. Sai ya kai bakin sunan ya ji harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya ce wa kansa, kai Ɗanliti, da furfurarka, a Amurka, wa zai ji ka? Ya ɗaga ido ya ga madubi, ya ga goshin Baba da idanun Baba suna kallonsa, sai ya kunna rediyo. Wata rana har ya buɗe baki sosai a jan wuta, na bayansa ya danna masa ham, ya ji daɗin ham ɗin kamar an cece shi daga ruwa.

Sai ya nemi hanyar zamewa. A hanyar asibiti ya ce wa Matthew, “Zan rubuta maka a takarda, kai ka kira mini. Muryarka ta fi tawa.”

“A'a,” in ji tsohon. “Na jikin dutse kowa na iya karantawa, shi ya sa aka sassaƙa su. Wanda ba ya jiki, jininsa ne ke kiransa. Haka muka tarar.”

“Mu a wurinmu ɗa ba ya kama sunan ubansa.”

“Ko bayan ya mutu?”

“Bayan ya mutu ma ya fi nauyi.”

Matthew ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, “To ku wa ke kiran matattunku?” Ɗanliti ya ce Allah ya san su, kuma gaskiya ya faɗa, ya kuma yi imani da ita. Amma amsar ba ta zaunar da shi ba. Tsohon ya ƙara da cewa kada ya ce sai baɗi, domin masu zuwa taron sun ƙare, saura 'yan tsirarun tsofaffi, kuma shi kansa bai ga alamar ƙodar nan za ta kai shi wata shekarar ba.

Sadiyya ta lura mijinta ya rame. Ta ce, “Malam, wai me ke cin ka ne? Rasuwar Yaya ce har yanzu?” Ya ba ta labarin dutsen a tsaitsaye, yana neman hularsa da ke kansa. Ta ce ita dai ba ta ga abin da zai kai Musulmi tsakiyar kaburburan coci ba, ya yi wa Baba sadaka ya fi. Ya ce sadaka kullum yana yi, kuma ba ibada za shi ba, kara zai yi wa tsohon da ke mutuwa. Ta dube shi ta ce, “To ka tafi da Najiba. Kada ka je ka faɗi a cikin mutane ba naka ko ɗaya.”

Ranar taron aka tashi da iska mai sanyi. Najiba ta zo daga aiki kai tsaye, da mayafi a kan rigar asibiti, tana duba waya. Abin da ya gaya mata kawai shi ne wani fasinjansa ya gayyace shi. An jera kujerun ƙarfe a kan ciyawa, fiye da rabi ba kowa a kai. Tsofaffi ne zalla, da sanduna da barguna a cinya. Wani mai gajeren zane ya busa wata algaita mai jaka, wata tsohuwa da ake kira Lizzy ta riƙe ƙararrawar tagulla. Aka ajiye Ɗanliti a layin gaba kusa da Matthew, ya zauna a bakin kujera, ƙafarsa na rawa.

Aka karanta gaban dutse, aka karanta bayansa. Kowane suna, ƙararrawa. Sannan aka fara miƙewa. Wata ta kira ubanta, wani ya kira wansa, wani ya kira suna ya fashe da kuka ya zauna. Su dai sunayen iyayensu a bakinsu kamar ruwa. Matthew ya dafa gwiwar Ɗanliti, ya ɗaga murya ya ce yau suna da baƙo daga Nijeriya, wanda mahaifinsa ya sa kakin da wasu nasu suka sa, ya yi yaƙi a Bama.

Ɗanliti ya miƙe. Duk fuskokin suka juyo. Lizzy ta ɗaga ƙararrawa tana jira. Ya buɗe baki, iska ta shiga. Sunan yana nan, yana jin sa a maƙogwaro, da dukan haruffansa, amma sai ya ga kamar an ce ya tuɓe riga a kasuwa. Ya haɗiye. Ya sake buɗewa. Gumi ya karyo masa a cikin sanyin nan. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya matsa masa, kuma haƙurin nasu ya fi komai ciwo. Daga ƙarshe ya ce da Turanci, “Ku yi haƙuri,” ya zauna. Lizzy ta sauke hannunta a hankali. Wani a baya ya miƙe ya kira nasa.

Da aka tashi, tsofaffin suka nufi zauren coci shan shayi. Ɗanliti bai bi su ba, ya yi wajen mota da sauri, sannan ya tuna shi zai mai da Matthew gida, ya juyo, ya tsaya a tsakiyar ciyawa yana juya makulli. Najiba ta cim masa. Wayar ta koma jaka. Ita Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa tun tana ƙarama, sai dai yau da Hausar ta fara, a karkace.

“Daddy, mene ne sunansa?”

“Ba a faɗa.”

“Na sani ba a faɗa. Mama ta gaya mini tun ina yarinya, shi ya sa ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka akwai shi a wani wuri. A gida, ko wurin wani.”

“Yaya Rahmatu ce. Ta tafi.”

Ta tsaya tana kallonsa, ya ga lissafin da ya yi a kicin yana gudana a fuskarta. Sai ta koma Turanci, don abin da za ta faɗa ba shi da ladabi a Hausa. “To in ka mutu fa? Ni na san magungunan da kake sha, Daddy. Ni nake haɗa maka su.”

Da a ce a Ringim ne 'ya ta faɗa wa ubanta haka, da unguwa ta ji. Ya ɗaga hannu zai yi faɗa, hannun ya tsaya a sama. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ba kowa sai Matthew can a kan kujerarsa, da Lizzy tana naɗe ƙararrawa a tsumma. Ya yafito 'yarsa. Ta matso. Ya kama kanta da hannu biyu, ya ɗan janye mayafin daga kunnenta na dama, ya kai bakinsa dab, yadda ake yi wa jariri ranar suna. Ya rufe ido. Abin da ya fito bai kai murya ba, numfashi ne mai siffa. Amma ya fito.

Ya sake ta ya ja da baya, yana ta istigfari ƙasa-ƙasa, shi kansa bai san na mene ne ba.

“Ni zan iya faɗa?” in ji Najiba.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Jika ce, kuma tsakanin jika da kaka ba kunya sai wasa, wannan ko a Ringim haka yake. Ta taka zuwa gaban dutsen. Matthew ya gan ta, ya taɓa hannun Lizzy, tsohuwar ta warware tsumman. Najiba ta gyara mayafi, ta tsaya ƙyam a gaban kujerun da ba kowa, ta ɗaga murya yadda take kiran mai karɓar magani a cikin hayaniya.

“Kofur Mu'azu, na Ringim.”

Ƙararrawa ta amsa.

Rabon Ɗanliti da jin sunan a sarari tun ranar jana'izar Baba, da liman ya faɗe shi. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, kai a ƙasa, makullin ya faɗi bai ɗauka ba. Najiba ta dawo da gudu, ta tsuguna a gabansa, ta riƙe kafaɗarsa tana leƙa fuskarsa.

“Daddy, lafiya? Ban faɗa daidai ba ne?”

Ya girgiza kai. Hawaye na bin furfurar gemunsa, bai share ba.

“Daidai ne,” ya ce. “Sake faɗa.”